Kanarin Da Ya Tona Asirin Unguwa

Mijin yayata, Mas Tukijan, tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin ya ce bai san wani abu ba. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara ba ka labarin yadda ya gyara agogon babban masallaci da cokalin shayi. Shagon buga takardu gare shi a bakin filin ƙwallon unguwarmu a nan tsibirin Jawa, da injin kwafi mai tari, da wata tsohuwar kwamfutar tebur wadda yake lulluɓewa da zanen yayata Yu Ngatemi kamar jaririya. A bango ya rataye takardar shaidar zama injiniya cikin gilashi. Ni kuwa Dalijo, facin taya nake yi a jikin shagonsa, saboda haka duk cika-bakin da zai yi wa duniya, a kunnena yake fara gwada shi.

Wata rana ya dawo daga kasuwar tsuntsaye da kanari a keji, yana tafe yana buɗe kafaɗa.

"Jo, tashi ka gai da Janar," in ji shi. "Kakansa daga ƙasar Holan aka kawo shi a jirgin sama, kujera guda aka ba shi. Ranar da ya buɗe baki, kanarin Pak Basuki sai ya nemi wata sana'ar."

Pak Basuki shi ne mai unguwarmu. Shekara huɗu a jere kanarinsa na cinye gasar kukan tsuntsaye da ake yi a filin, abin kuwa ya tsaya wa Mas Tukijan a maƙogwaro. A ranar ya je teburin mai kofi ya shelanta cewa kofin gasar bana da firijin da aka sa kyauta sun riga sun zama nasa, ajiya ce kawai ya ba kwamitin gasa.

To, Janar ya yi wata uku a shagon. Ya ci tuffa, ya ci dafaffen ƙwan salwa, ya yi wanka da ruwan gora. Ya yi ƙiba har sandar kejin ta fara lanƙwasa. Amma kuka dai babu. Sau ɗaya a yini yakan ce "cit," shi ma kamar wanda aka roƙa.

"Tara murya yake yi," in ji Mas Tukijan.

Ana jibi gasa, bayan an sauko daga Juma'a, ya jawo ni cikin shago ya rufe ƙofa. Ya ajiye wata siririyar waya a kan tebur, ya yaye zanen kwamfuta. Sai ga fuskar wayar ta fito a allon kwamfutar, komai da komai, har hoton jikar Yu Ngatemi da ke bayanta.

"Ɗauke hannunka. Kada ka taɓa. Kalli kawai."

Ya ja linzamin kwamfutar, ’yar kibiya ta yi tafiya a allo, ya danna. Wayar da ke kan tebur, ba wanda ya taɓa ta, ta buɗe kanta. Ya sake dannawa, ta rufe. Na ja da baya na kama a'uziyya.

"Ba aljani ba ne, baƙauye, manhaja ce. Duk inda na danna a nan, kamar yatsana ne a can. Mu uku ne kaɗai muka iya wannan a duk Jawa, sauran biyun kuma ni suke tambaya."

Ya sake dannawa, sai kukan kanari ya cika shagon, mai zaƙi, mai tsawo, kamar ana zuba ruwa a tulu. Janar ya daina cin tuffa ya dubi rufi.

Shirin kuwa shi ne, za a kwantar da wayar a ƙarƙashin farantin kashin da ke gindin kejin. Ni zan kai Janar fili in rataye. Shi zai zauna a shago, tagarsa na kallon filin, intanet ɗin shagonsa kuma yana kaiwa har can. In na cire hula, ya saki kuka. In na mayar, ya tsayar.

"Mas, wannan ba wayar Yu Ngatemi ba ce?"

"Tawa ta yi kauri, ba ta shiga."

"Ta sani?"

"Me ya haɗa mai dafa miya da harkar injiniyoyi? Awa biyu ne kawai."

"Ni dai ba ruwana."

"To, madalla. Injin iskarka da wutar shagon wa yake aiki?"

Na ce ƙarfe nawa zan zo ɗaukar kejin.

Ranar Lahadi da hantsi fili ya cika ya batse. Babura sun yi layi har bakin gada, masu gyaɗa da masu soyayyiyar ayaba sun kafa rumfuna. Yu Ngatemi ma ta kafa tukunyarta ta soto a gefen shingen gora, tana zuba wa mutane miya tana faɗa, don tun asuba take neman wayarta, ta juye gidan kaf ba ta gani ba. Na bi ta bayanta da keji a lulluɓe, ina tafiya kamar mai ɗauke da bom.

A bakin shinge na yi kiciɓis da Pak Basuki, gashin nan nasa baƙi wuluk yana ƙyalli, matarsa Bu Basuki na riƙe masa laima.

"A'a, Dalijo! Wannan ne bebe? Ina ubangidansa?"

"Ciki ya ɗan juya masa, Pak."

Rana ta yi zafi, gumi ya zubo mini a ido. Na cire hula don in share goshi. Ai kuwa sai kuka ya tashi daga ƙarƙashin lulluɓi, rangaɗaɗau, har mai gyaɗa ya waiwayo. Na yi maza na mayar da hula, kuka ya ɗauke ɗif. Pak Basuki ya buɗe baki. Na ɗaga hula in gaishe shi in wuce, kuka ya dawo. Na mayar, ya tsaya.

"Wane irin horo ne wannan?" in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa.

"Na Holan ne, Pak."

Kafin a kira zagayen kanari, labari ya zaga fili cewa Janar da hula ake tuƙa shi.

Aka rataye keji talatin a ƙugiyoyin rumfar gasa, can sama, Janar ne lamba goma sha bakwai. Masu tsuntsaye muka koma bayan shinge. Babban alƙali, Mbah Wiryo, wanda ya haura shekara tamanin kuma kunnensa ɗaya ne ke aiki, ya ɗaga tuta ya ce minti goma sha biyu, ba mai taɓa keji sai ya busa usur. Tsuntsaye suka kaure da kuka, masu su suka kaure da ihu.

Na cire hula.

Shiru.

Na ɗaga ta sama. Na kaɗa ta. Na yi fifita da ita, na jefa ta sama na cafe. Janar yana zaune yana gyara gashin hammatarsa. Can ƙetaren fili na hango kan Mas Tukijan a taga, yana buga linzami a tebur kamar mai fasa kwakwa.

Abin da bai lissafa ba shi ne bakinsa. Lambar sirrin intanet ɗin shagonsa sunansa ne haɗe da kalmar injiniya, kuma duk wanda ya taɓa zuwa kwafin katin shaida sai da ya faɗa masa, don a yaba hikimarsa. Ran nan wayoyi sun fi ɗari biyu a filin, duk sun ɗare kan intanet ɗin. Dannawarsa ta maƙale a hanya. Daga baya da bakinsa ya ce sau arba'in da ɗaya ya danna, yana zagaya allo ko'ina, wai ko wani wuri zai amsa.

Sai danne-dannen nan suka iso gaba ɗaya.

Da farko kukan kanari ne, amma da ƙarar da ta fi ta lasifikar masallaci. Tsuntsaye ashirin da tara suka yi tsit, ɗaya ya faɗo daga sandarsa. Mbah Wiryo ya yi murmushi, don rabonsa da ya ji tsuntsu sosai haka tun yana da haƙora. Ya nufi lamba goma sha bakwai da tuta a hannu. Yana isa ƙarƙashin kejin, Janar ya yi cara. Carar zakara sosai, irin wadda wayar ke tashin Yu Ngatemi da ita da asuba, har sau uku.

"Kanari ne ko zakara?" wani ya yi ihu.

"Kwaikwayo yake!" na ce. "Harsuna da yawa yake ji!"

Ban rufe baki ba sai ga kiɗan motsa jiki na matan unguwa, wanda suke takawa kowace Asabar da safe a gaban ofishin mai unguwa, da muryar malamar tana ƙirga, ɗaya, biyu, hannu sama. Mata huɗu a rumfar ayaba suka ɗaga hannu sama kafin su ankara. Fitila ta kama a gindin kejin tana walƙiya, kejin kuma ya shiga ɓari yana lilo a ƙugiyarsa. Janar ya manne da sanda, ya kumbura ya zama kamar lemo.

Mbah Wiryo ya rubuta wani abu a takardarsa. "Salo akwai," in ji shi. "Tarbiyya ce babu."

Duk wannan bidiri Yu Ngatemi ba ta ɗaga kai ba, ciniki ya yi mata yawa. Sai lokacin ta tuna wata mai biki za ta kira ta a kan odar shinkafa. Ta goge hannu ta ari wayar Bu Basuki ta buga lambar wayarta da ta ɓata. Kiɗan motsa jiki ya yanke, keji ya fara ƙararrawa. Mas Tukijan ya ga kira a allonsa, ya kai kibiya zai kashe, ya danna amsa.

"Kai ɓarawon da ka ɗauke mini waya," in ji Yu Ngatemi, "Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Allah ya isa tsakanina da kai!" in ji Janar daga sama, da muryarta sak.

Wata tsohuwa ta zube ƙasa tana salati. Yu Ngatemi ta juyo sannu a hankali, waya a kunne, ludayi a ɗaya hannun.

"Wa ke magana?"

"Wa ke magana?" in ji Janar.

Ta dubi kejin. Ta dube ni. Na sa hulata na ja ta har hanci. Sannan ta dubi tagar shago, inda kan mijinta ya nutse ƙasa kamar kan kunkuru. Ta miƙa wa Bu Basuki wayarta da ladabi, ta ce ta gode, ta gyara ɗaurin zani, ta kama hanyar shago ta tsakiyar fili da ludayinta.

Mas Tukijan ya hango ta. Ya tashi ya sa sakata, ya dawo ya hau dukan maɓallan kwamfuta da hannu bibbiyu. Ban san me ya taɓa ba, shi ma har yau bai sani ba. Sai dai aka ji wata murya ta mace, mai sanyi, marar fushi marar dariya, irin wadda ke karanta wa makafi rubutun waya, ta fito daga kejin.

"Saƙo daga Ngatemi zuwa ga Sumi."

Sumi ƙanwarmu ce da ke aure a garin Semarang, kullum suna rubuta wa juna.

"Miyar da Bu Basuki ta kawo taron mata jiya, ruwan wankin babur ya fi ta ɗanɗano. Na zuba tawa a tukunyar fure, furen ya mutu. Fuskar dariya. Fuskar dariya. Fuskar dariya."

Laimar Bu Basuki ta faɗi.

Yu Ngatemi ta ƙame a daidai tsakiyar fili. Ta dubi shago, ta dubi rumfa, ta taka biyu nan, ta taka biyu can, ta rasa wanda za ta fara kashewa.

"Saƙo na gaba. Baƙin gashin mai unguwa daga kwalba yake. Ran da aka yi ruwa na ga yana zubo masa ta bayan kunne. Fuskar biri ya rufe ido."

Pak Basuki ya kai hannu bayan kunne, ya duba yatsunsa, ya sa hannun a aljihu.

"A sauke kejin nan!" ya daka tsawa. "Ni ne mai unguwa!"

"A nan ni ne alƙali," in ji Mbah Wiryo, ya duba agogonsa. "Saura minti biyar. Ba mai taɓa keji."

"A bar shi ya gama!" jama'a suka ɗauka. Masu ihu wa tsuntsayensu duk sun yi shiru, kowa ya kafa kunne. Mai gyaɗa ya bar rumfarsa ya matso da kujera. Ni kaina, Allah ya yafe mini, dariya ta kama ni har na riƙe shinge.

"Saƙo na gaba. Dalijo shekararsa arba'in da huɗu, amma in ya ga bazawarar nan mai kantin sabulu sai ya ɓuya bayan taya. Wata uku yana sayen sabulu kullum bai ce mata komai ba. Ɗakinsa ya cika da sabulu. Fuskar kuka."

Dariyar ta maƙale mini. Bazawarar kuwa tana nan tsaye taki biyar daga inda nake, tana cin ayaba.

A lokacin Mas Tukijan ya yi babbar dabararsa. Ya fizge wayar wutar kwamfutar daga bango. Allo ya yi baƙi. To, ashe ya yanke igiyar da yake riƙe da wayar ke nan, ita kuwa cajinta a cike, ta ci gaba da karatunta ba mai tsayar da ita. Ta karanta wanda ke satar mangwaron masallaci. Ta karanta wadda zobenta na zinare ke yin kore in ta yi wanke-wanke. Kowa ya yi dariyar maƙwabcinsa har aka zo kansa.

Sai ga Mas Tukijan ya fito ta ƙofar baya, ya zagaye matarsa daga nesa, ya iso shinge yana haki, ya ɗaga hannu biyu.

"Jama'a, ku kwantar da hankali! Hari ne daga ƙasar waje! Masu kutse ne suka shiga tsuntsuna! Na daɗe ina gaya wa gwamnati!"

"Masu kutsen ne suka ɗanɗana miyar matata?" in ji Pak Basuki.

"Suna da na'urori, Pak. Ni a matsayina na injiniya…"

"Saƙo na gaba," in ji Janar. "Takardar injiniyan da baban yara ya rataye a shago, shi ya buga abarsa. Hatimin da ke jiki gindin kofin shayi ne. Ni na riƙe masa kofin."

Mbah Wiryo ya busa usur.

Aka kawo sanda aka sauko da lamba goma sha bakwai, jama'a suka tsallake shinge suka yi da'ira. Yu Ngatemi ta ratsa su, ta zare farantin kashi, ta ciro wayarta da yatsu biyu, ta kashe ta, ta goge ta a rigar mijinta, gaba da baya. Mbah Wiryo kuwa ya sa tabarau ya leƙa cikin kejin, ya daɗe yana leƙe.

"Tukijan, zo nan. Mene ne wancan a kusurwa?"

A kusurwar kejin, kusa da kofin ruwa, ga wani ɗan ƙwai shuɗi-shuɗi mai ɗigo-ɗigo, da ɗuminsa. Janar na tsaye a kansa, ya sassauta, kamar wanda ya sauke kaya.

"Shekara sittin ina sauraron kanari," in ji Mbah Wiryo, "yau na fara ganin janar ya yi ƙwai. Mace ka saya, ɗana. Ko shekara goma za ka ba ta tuffa, cit ɗin nan za ta ce maka."

Mas Tukijan ya dubi ƙwan, ya dubi jama'a, ya gyara wuyan riga.

"A Holan," ya ce, "mazan ne ke yi."

Ludayin ya same shi a ƙeya.

Kofin gasa da firiji dai wani malamin makaranta daga ƙetaren kogi ya tafi da su, don kanarin Pak Basuki tun carar zakaran nan bai ƙara buɗe baki ba sai bayan sati biyu. Kwamiti ya haramta wa Mas Tukijan shiga filin ranar gasa, ko da a matsayin mai kallo. Yu Ngatemi ta yi kwana shida tana bi gida-gida ba da haƙuri, da tukunyar soto, mijinta na ɗauke da tukunyar a ka, ita ke magana, shi an hana shi ko tari. A gidan mai unguwa Bu Basuki ta karɓi haƙurin da fara'a, ta ce komai ya wuce, sannan ta shiga ciki ta fito da babbar roba cike da miyarta, ta ajiye a gaban Mas Tukijan, ta ja kujera ta zauna. Sai da ya ga gindin robar. Ni kuma washegarin gasar bazawarar ta turo kekenta rumfata ta ce a duba mata taya. Na duba, na sake dubawa, lafiyarta ƙalau. Ta ce in ƙara dubawa, ba sauri take ba.

Ran na bakwai Yu Ngatemi ta shiga shago ta zauna a kujerar kwamfuta, ta ce ya nuna mata yadda ake abin. Ya ce sai wanda ya yi karatu mai zurfi. Ta dube shi. Ya nuna mata. Kafin la'asar ta iya, har ta gano maɓallan da shi bai san da su ba. Ta canja lambar sirri, ta sa aka kai kwamfutar kicin kusa da buhun shinkafa, sannan ta miƙa hannu ta ce ya kawo wayarsa mai kaurin nan.

Bayan sati guda muna teburin mai kofi da safe, an cika, Mas Tukijan ya ɗan farfaɗo. Ya kurɓi kofi, ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ku ba ku gane abin da ya faru ran nan ba. Daga nisan taki ɗari biyu na sa tsuntsu ya yi magana. Wani kamfani a Jakarta ma ya aiko mini da…"

Aljihun rigarsa ya yi haske. Muryar nan mai sanyi ta fito, Yu Ngatemi ce ke tuƙa ta daga kicin.

"Ƙarya yake yi. Baban yara, gas ya ƙare. Ka biya ka sayo albasa."

Mai kofi ya ajiye buta don kada ya ƙone kansa da dariya. Mas Tukijan ya miƙe a hankali, ya shanye sauran kofinsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya buga aljihun da tafin hannu.

"Kun ji aiki ko?" ya ce. "Ko daƙiƙa ɗaya bai makara ba. Ni na koya mata."

"Da tumatir," in ji aljihun.